Zaƙin da Babu Sukari

 Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari, domin ba abin alfahari ba ne magidanci ya zauna yana ba jama'a labarin tumbinsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru da mahaifina a daminar 2023, wanda da Allah bai kiyaye ba da mun yi babbar nadama, kuma na san irinsa yana iya faruwa a kowane gida da ke da mai ciwon sukari.

Bari in fara da kaina, tun da ni na shigo da maganar gidanmu. Bayan na gama lakkol na sami aiki a wani ofishi na masu fitar da takardun kaya, kusa da duwan, ba nisa da gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Aikin na zama ne tun hantsi har bayan la'asar, babu tashi sai salla. Wanda ya san zafin garinmu a watan Maris da Afrilu ba ya bukatar in bayyana masa yadda maƙogwaro ke kiran abu mai sanyi. Lemon kwalba biyu a rana ya zama mini kamar farilla, ɗaya da azahar, ɗaya da la'asar. A cikin shekara bakwai sai rigunan aurena suka daina shiga. Ban damu ba, domin a wurinmu ƙiba yabo ce. Duk inda na ratsa cikin kasuwa sai in ji ana cewa, "Ɗan Liman an samu wuri," ni kuwa in yi murmushi in ce alhamdu lillahi.

A ƙarshen 2022 na raka Malam asibiti awon jini, domin ya fi shekara goma yana fama da ciwon sukari. Da lokotoro ya gama da shi sai ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko ni ɗansa ne. Ya ce in dawo washegari da safe ban ci kome ba. Ma'auni ya nuna kilo 99, takardar awo kuma ta nuna giram 1,15 na sukari a litar jini. Ya bayyana mini cewa mai lafiya yana ƙasa da 1,10, kuma daga 1,26 ake kiran mutum mai ciwon sukari. Wato ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin da mahaifina yake ciki. Na tuna ƙanensa, Allah Ya jiƙan shi, wanda aka yanke wa ƙafa a Parakou saboda ɗan miki da ya fara daga yatsa. A daren nan barci bai zo da wuri ba.

Sai na yi abin da mai ɗan karatun boko yakan yi, na nemi dabara. Na bar lemon da na saba, na koma wanda aka rubuta wa « light » ko « zéro » a jikin gwangwani. Ba kowane kanti ke da shi ba, kuma ya fi tsada, amma wannan ma ƙara mini jin daɗi ya yi, domin ina ganin ina kashe kuɗi a kan lafiyata. Lissafina kuwa daidai yake a takarda. Gwangwanin Coca-Cola mai santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kimanin ƙwaya bakwai ke nan na sukarin kwali. Biyu a rana, ƙwaya goma sha huɗu. Na cire su gaba ɗaya, kuma harshena bai rasa kome ba. Har wa'azi na riƙa yi wa abokan aiki.

Bayan wata shida na sake hawa ma'auni. Kilo 98.

Na koma gida raina a ɓace, ina cewa ko ma'aunin ya lalace ko masu lemon sun cuce ni. Mai ɗakina ta bari har na gama, sa'an nan ta ce, "Maigida, in faɗi gaskiya ba za ka yi fushi ba?" Na ce ta faɗa. Ta ce tun ran da na fara shan wannan lemo kwanon da take zuba mini shinkafa ya canza, ni da kaina na ce a canza shi. Ta ce da can ba na taɓa soyayyen wagashi da dare, yanzu kuwa sai in sayo in ce ai yau ban sha sukari ba. Ta lissafa ƙosai, ta lissafa fanke, ta lissafa tsiren bayan isha'i. Ban iya musa ko ɗaya ba. Ashe gwangwanin nan ya zama mini takardar izni: duk abin da ya hana ni da rana sai in karɓe shi da dare har da riba.

Sa'an nan ga shayi, wanda ban taɓa sa shi cikin lissafi ba, domin a wurina shayi ba abinci ba ne, hira ce. Wata rana na ari ɗan ma'aunin mai sayar da kayan miya na auna ƙaramin kofin gilashin da muke ɗiban sukari da shi a majalisarmu. Yana cin giram 60. Kowane dahuwa kofi ɗaya, dahuwa uku giram 180, mu huɗu muke sha, rabona giram 45. Ina zama majalisa biyu a rana, ta ofis da ta ƙofar gida. Giram 90 ke nan, ban da ƙwaya huɗu da nake jefawa cikin koko da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da babba yake ƙarawa a cimarsa kada ya kai kashi goma cikin ɗari na abin da jiki ke bukata, wato wajen giram 50 a rana, in ma da hali a tsaya a 25. Ni da nake yi wa mutane wa'azin barin sukari ina shan fiye da ninki biyu na iyakar farko. Na tsare ƙofar gida da sanda, ɓarawo kuwa yana zaune tare da ni a kan tabarma.

Kafin in ci gaba ya kamata in faɗi mene ne ke cikin waɗannan gwangwanaye, domin da yawa daga cikinmu suna zaton sukari ne aka rage. Ba haka ba ne. Wasu sinadarai ne da harshe ke jin su da zaƙi matuƙa, har ɗan ƙanƙane ya isa, jiki kuma ba ya samun wani ƙarfin kirki daga gare su. Mafi tsufa shi ne sakarin, wanda wani masani mai suna Constantin Fahlberg ya gano a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1879, zaƙinsa ya ninka na sukari sau ɗari uku ko fiye. Asfatam, wanda ya fi yawa a lemon « light », an gano shi a 1965, ya ninka sukari wajen sau 200. Akwai kuma sukuralos mai ninki 600, da wanda ake fitarwa daga ganyen wani tsiro mai suna sitibiya. Kada mai karatu ya ce wannan sha'anin masu kuɗi ne. Duk wanda ya taɓa shan kunun zaƙi ko zoɓo ko ƙanƙarar leda a tasha, ya ji zaƙi ya wuce misali sa'an nan wani ɗaci-ɗaci kamar na ƙarfe ya tsaya masa a bayan harshe, to akwai alamar ya sha sakarin. Wasu masu sana'a suna sa shi ne saboda ya fi sukari araha, kuma ledar ba ta da rubutu balle a san nawa aka zuba. A ganina wannan ya fi gwangwanin kamfani cancantar a sa masa ido, domin 'ya'yanmu ne manyan masu sayensa.

Yanzu in zo ga maganar Malam. Shi bai taɓa shan lemon kwalba ba, na sukari ko marar sukari. Amma tun da ciwon ya kama shi lokotoro ya sa shi amfani da 'yan ƙananan ƙwayoyin zaƙi da ake saya a kantin magani, yana jefa ɗaya a kunu, ɗaya a shayi. Da su ya iya rabuwa da sukari, shi da ya tashi yana son zaƙi kamar kowa. A tsakiyar Yulin 2023 sai wani saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp, da Hausa da Dandanci da Faransanci, wai OMS ta tabbatar cewa duk abin da aka rubuta wa « sans sucre » yana kawo ciwon kansa, wai Turawa sun daina sha sun turo mana. Inna ta ji shi wajen wani suna. Ta dawo gida ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauki kwalbar ƙwayoyin Malam ta juye a masai. Don ƙauna ta yi, Allah Ya saka mata. Malam ya gwada kunu babu zaƙi kwana biyu, ya kasa, sai aka koma sa masa sukari "ɗan kaɗan". Ɗan kaɗan na hannun mai tausayi kuwa kowa ya san yadda yake.

Ban sani ba sai bayan mako uku. Abin da ya tona shi ne alwala. Na lura Malam, wanda yakan yi magariba da isha'i da alwala ɗaya, yanzu sai ya fita tsakani har sau biyu, kuma butar ruwan sha ba ta rabuwa da gefen buzunsa. Ranar wata Juma'a na ga yana matse ido a kan takardar huɗuba. Da na kai shi awo washegari, adadin da ya fito ya sa lokotoro ya cire tabarau ya tambaye mu abin da ya canza a gida. A nan Inna ta ba da labari tana hawaye. An gudu gara an faɗa zago.

A lokacin nan aiki ya tsaya mana, domin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai an rufe gada, manyan motoci suka yi layi a kan hanyar Kandi, ofishinmu babu mai shigowa. Sai na sami lokacin da ban taɓa samu ba, na zauna na karanta abin da OMS ta faɗa da bakinta. Na tarar magana biyu ce daban-daban aka cakuɗa.

Ta ɗaya ta fito ranar 14 ga Yuli 2023. Cibiyar binciken kansa ta OMS da ke birnin Lyon na Faransa ta sa asfatam a rukunin da take kira 2B, ma'ana mai yiwuwa yana iya kawo kansa, amma hujjar da ake da ita taƙaitacciya ce. Wannan shi ne mataki na uku a jerin cibiyar. A mataki na farko, inda babu kokwanto, nan taba da giya suke. A rana guda kuma wani kwamitin masana na OMS da FAO, wanda aikinsa shi ne faɗin adadin da mutum zai iya ci, ya bar iyakar asfatam inda take: miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Suka ba da misali cewa mutum mai kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya ƙetare ta. Ina ƙwaya biyu ta Malam, ina wannan?

Na sami Malam a zaure bayan la'asar, almajirai sun tashi, na karanta masa wannan ina fassarawa. Ya saurara har ƙarshe kamar yadda yake sauraren mai neman fatawa. Sa'an nan ya ce, "To, kai da ka yi boko, cutar da sukari ke yi mini, tabbas ce ko zato?" Na ce, "Tabbas ce, Baba, ga takardar awo." Ya ce, "Ta ƙwayar fa?" Na ce zato ne, shi ma mai rauni. Ya yi shiru, sa'an nan ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ce shekara arba'in yana koya wa mutane cewa ba a barin yaƙini saboda shakka, ga shi a kofin kununsa ya manta. Ya ce in sayo wata kwalbar, kuma kada kowa ya ƙara yi wa Inna maganar.

Da na tsaya a nan da sai a ce na zo tallar lemon « light » ne. Amma magana ta biyu, wadda ta riga waccan fitowa da wata biyu, ba da Malam take ba, da ni take. Ranar 15 ga Mayu 2023 OMS ta ba da shawara cewa kada a dogara da waɗannan sinadaran zaƙi domin rage ƙiba. Ta haɗa su duka, har da sitibiya da ake cewa ta ganye ce. Ta kuma faɗa a sarari cewa shawarar ba ta shafi wanda ya riga ya kamu da ciwon sukari ba, kuma wannan jimlar ce mai saƙon murya bai karanta ba, ko ya karanta ya tsallake. Dalilin shawarar shi ne, a gwaje-gwaje na gajeren lokaci ana ganin nauyi ya ɗan ragu, amma idan aka bi mutane shekara da shekaru ba a ganin wata ribar rage kitse, har ma ana samun masu yawan shansu sun fi kamuwa da ciwon sukari da ciwon zuciya. A Faransa wani bincike mai suna NutriNet-Santé, wanda ya bi manya fiye da dubu ɗari, ya fitar da sakamako a 2022 mai nuna irin wannan alaƙa da ciwon zuciya da na jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Adalci ya sa in ƙara da cewa alaƙa ba hukunci ba ce. Wane ne ke neman lemon « light » tun farko? Irina, wanda lokotoro ya riga ya tsorata. Idan bayan shekara goma aka tarar da ni da ciwon sukari, ba lalle ne gwangwanin ya kawo shi ba, ciwon ne ya fara kai ni wurin gwangwanin. OMS da kanta ta yarda da wannan, shi ya sa ta kira shawararta mai sharaɗi. Akwai ma gwajin da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a 2012, inda aka raba yara 641 gida biyu na tsawon wata 18, wasu ana ba su lemo mai sukari kullum, wasu marar sukari, ba tare da sun san wanne suke sha ba. Masu shan marar sukarin nauyinsu ya ƙaru ƙasa da na sauran da kimanin kilo ɗaya. Na daɗe ina tunani a kan wannan gwaji, kuma abin da ya tsaya mini shi ne cewa yaran ba su san abin da suke sha ba. Ba su sani ba, don haka babu wanda ya je ya nemi ladansa a kwanon shinkafa. Ni kuwa na sani, kuma sanin ne ya kashe ni.

Abin da na fahimta a jikina, ba a takarda ba, shi ne cewa gwangwanin nan bai taɓa rage mini son zaƙi ba. Ya riƙe harshena a inda yake, yana jira. Wanda ya saba da murya mai ƙarfi ba ya jin raɗa, haka harshen da ake yi wa wanka da zaƙi sau biyar a rana ba ya jin zaƙin da Allah Ya sa a gwanda ko a nonon shanu. Ga kuma wasu ƙananan abubuwa da ake mantawa: tsamin da ke cikin lemon kwalba yana cin haƙori ko da sukari ko babu, kuma nau'in kola yana ɗauke da abin hana barci irin na goro da gahawa. Rubutun nan da ake gani a jikin gwangwani, « contient une source de phénylalanine », gargaɗi ne ga masu wata cutar gado da ba ta da yawa, waɗanda asfatam ke cutarwa da gaske.

Saboda haka sai na bar rigima da gwangwani na koma kan butar shayi, inda gizo ke saƙa. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin buta ba tawa ba ce ni kaɗai. Ran da na ce a rage sukari, mai dafa mana ya dube ni kamar na zagi iyayensa, ya ce shayi ne muke sha ko maganin shawara. Muka daidaita a kan a zuba mini nawa kafin a sa sukarin dahuwa ta biyu, ta uku kuwa na yafe ta. Ƙwayoyin koko na rage su ɗaya bayan ɗaya, kowane mako biyu, har suka ƙare. Na sa randa a ofis. Kwanon shinkafa ya koma na da. Bayan sallar asuba, maimakon in koma shimfiɗa, nakan taka zuwa wajen gonakin shinkafa na bakin kogi in dawo kafin rana ta yi zafi. Watan farko na sha wuya, kuma na karya alkawari fiye da sau ɗaya, musamman a azumin 2024, inda sanyin zoɓo a bakin magariba ya fi ƙarfin niyyata dare da yawa.

A awon da na yi na baya-bayan nan ma'auni ya nuna kilo 90, jini kuma 1,02. Ban kai inda lokotoro yake so ba, ya ce saura kilo takwas. Idan na je biki aka ajiye lemo iri biyu a gabana, marar sukarin nake ɗauka, ba na jin tsoronsa kuma ba na jiran ya yi mini wani aiki. Malam yana nan da ƙwayoyinsa biyu, ya koma yin magariba da isha'i da alwala ɗaya, kuma yanzu Inna ce ke riƙe da kwalbar, ita ke jefa masa da hannunta. Kwanan baya an kawo mana mangwaro daga ƙauye, na yanka ɗaya na ba 'yata rabi, na ci rabi. Na ce mata wannan mangwaro ya cika zaƙi. Ta ɗanɗana, ta dube ni, ta ce, "Baba, wannan ai bai ma nuna ba."